Batirin da Muka Kulle

Mijina ya fi kula da batirin baburinsa a kan hawan jininsa. Na sha faɗa masa haka, sai ya yi dariya ya ce ai hawan jini ba saya ya yi ba.

Babur ne mai caji, irin wanda ba ya ƙara, sai dai kawai ka ga mutum a bayanka. Da shi yake ɗaukar fasinja a cikin Garwa, ranar kasuwa kuma ya kai kaya Ngong. Shi ne cinmu, shi ne kuɗin haya, shi ne makarantar 'ya'yanmu mata biyu. Mijina kan ce batirin shi ne babur ɗin, sauran duk ƙarfe ne da taya.

Dokokinsa a kan batirin nan har na haddace su, ba don ina so ba. Ba a jona shi da zafinsa, sai ya sha iska a gindin darbejiyar tsakar gida. Ba a cika shi taf. Ba a barinsa ya kwana fanko. Akwai wata tasha a hanyar kasuwa mai cajin gaggawa, kafin ka shanye shayi ya cika, can abokan aikinsa suke tururuwa. Shi sai ya rasa yadda zai yi yake leƙa ta. Wai tsada gare ta, kuma dafa batir take yi. Ya fi son cajar gida, mai cinye rabin yini tana ɗiga kamar famfon unguwarmu. In aka ɗauke wuta ya dinga tsaki ke nan, ni kuwa in miƙa masa mafici in ce ya je ya yi wa ɗan lelensa fifita.

Wata rana da bazara ya dawo daga Ngong da la'asar. Ya jingine babur a inuwa, ya duba allonsa, ya ce, "Saura kashi tara. Bari ya huce, in na yi sallah zan jona." Ya shiga ɗaki yana cewa kansa na sarawa. Kafin magariba muna asibiti. Kwana biyu ya yi, ya cika.

Ban yi wani kuka ba. Mata suka yi ta yaba dauriyata, alhali ba dauriya ba ce, ban ji komai ba ne. A ba ni kunu in sha, a ce in gyara mayafi in gyara.

Yayan mijina yana da shagon atamfa a babbar kasuwa. Kakanninsu daga Kano suka zo da fatauci, kuma gidansu an san su da tsoron haƙƙin maraya. Ranar sadakar uku ya sa aka tura baburin cikin ɗakin ajiyarmu na langa-langa, ya datse da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Ya tsaya a bayan labulen ɗakina ya ce, "Maman yara, moton nan dukiyar marayu ce. Ko tayarsa ba mai taɓawa sai kin fita takaba, mun tabbata ba ciki, malam ya raba. Ba na son gobe Allah ya tambaye ni."

Na ce, "To, Yaya."

Na san kashi tara ne a ciki. Na san yadda ɗakin nan yake da rana, ko ɗanyen barkono ka shanya a ciki kwana biyu ya bushe ƙayau. Cajar tana rataye a ƙusa daidai ƙafar gadona, ita nake fara gani in na buɗe ido. Duk Juma'a Yaya yana zuwa da shinkafa da sabulu, ya tsaya a bayan labule ya ce, "Akwai wata damuwa?" In ce, "Babu, Yaya." In ya tafi in ce mako mai zuwa zan faɗa masa. Haka wata huɗu da kwana goma suka wuce, ruwa ya sauka, darbejiya ta sake ganye.

Shirin Yaya shi ne bayan rabo a ba wani amintacce baburin ya riƙa aiki da shi, abin da ya kawo ya riƙe mu a Garwa, yara su ci gaba da karatu. Ranar da aka buɗe ɗakin ya zo da mai gyara, wani Bafulatani mai furfura. Na ɗauko cajar na miƙa. Ya jona, muka zuba wa 'yar fitilarta ido. Ba ta kama ba. Ya kwance murfi, ya gwada da na'urarsa, ya sake gwadawa, ya girgiza kai.

"Alhaji, walaa, babu dama. Batir ya kwanta gaba ɗaya. Da an ba shi kuran, wato wuta, ko sau ɗaya a wata, da yanzu lafiyarsa ƙalau."

Yaya ya tambayi kuɗin sabo. Da ya ji, bai sake tambayar komai ba. Kowa a tsakar gidan ya gane zancen zamanmu a Garwa ya ƙare, sai Kaele gidan mahaifiyata, inda muke har yau.

Mai gyara ya tattara kayansa ya fita. Yaya ya zauna a kan kifaffen turmi, ya cire hula ya riƙe a hannu. Dattijo guda, ga hawaye a gemu. Ya ce, "Ni na kashe wa yaran nan abincinsu da hannuna. Gudun haƙƙi na yi, ga shi na kwashi haƙƙin." Na tsaya ina kallonsa, ina jiran in ji tausayinsa, shiru.

Can ya ɗago ya ce, "Ke ma ai ba ki sani ba, ko?"

Hanyar fita ya ba ni, na gane sarai. Da na ce e, da an wuce wurin.

Na ce, "Na sani, Yaya."

Ya ce, "To me ya hana ki faɗa mini?"

Ban shirya amsa ba, sai dai na ji ta a bakina.

"Ƙaninka ya ce shi zai jona."