Filen ɗin Bahago

Shekara ashirin da shida shagona na ɗinki yana manne da na Baba Mika kafinta a Mabera. Bangon langa-langa ne kawai tsakaninmu, ko tari ya yi ina ji. Mutumin kudancin Kaduna ne, amma ya daɗe a Sakkwato har bakinsa ya juye. Yana da taurin kai da tsadar magana, kuma a duk layin shi kaɗai ya rage da ke goge katako da filen na itace, wanda ya sassaƙa da hannunsa. Sauran duk sun koma inji, suna cika mana kunne da ƙara.

Da ƙanensa Dauda suka buɗe shagon. Dauda bahago ne, mai yawan dariya, mai aron almakashina ya manta. Shekarar da na zo, wani mai turame ya ba su gungumen kirya, suka raba biyu. Mika ya sassaƙa filen da rabinsa, Dauda ya ajiye nasa a kan azarar rufi, don shi bai iya sassaƙar ba.

Filen irin nasu yana da ɗan ƙaho a gaba, inda hannu ɗaya ke riƙewa, ɗayan na turawa ta baya. Ƙahon na Mika ya lanƙwasa ne daidai da mai aiki da dama, in Dauda ya kama sai ya ci masa tafin hannu. Na sha ganin hannun nan ya yi kanta ya fashe. Kullum roƙonsa ɗaya ne.

"Yaya, ka yi min nawa na hagu mana."

"Iccen bai bushe ba."

Ƙarya ce, ya bushe tuni. Mika dai yana ganin ɓarna ce a kashe kirya mai kyau a kan bahago, kuma ya ɗauka in ya ja lokaci yaron zai koyi dama. Shekara huɗu suna wannan. A damina ta biyar zazzaɓi ya kama Dauda ran Laraba, ran Asabar aka binne shi.

Tun daga nan itacen bai sauko ba. Sau biyu aka canja rufin shagon, Mika na tsaye a kan masu aikin har suka mayar da shi wurinsa. Ba ya zama a ƙarƙashinsa, ko ruwa zai sha sai ya matsa gefe. Ranar Lahadi, in ya tafi coci shagon na kulle, nakan ji kamar ana goge katako ta bayan bangon, shuu, shuu, a hankali. Na faɗa wa matata Balkisu, ta ce iska ce ke wasa da langa-langa. Wataƙila haka ne, amma ni na daina zuwa shago ran Lahadi da hantsi.

Bara filen ɗin Mika ya gaji. Gindinsa ya cinye, bakinsa ya buɗe, maimakon ya goge katako sai ya yage shi. Mutum biyu suka dawo masa da ƙofofi. Ya zagaya kasuwar Kara da tsohuwar kasuwa, bai sami busasshiyar kirya ba, ɗanya kuwa sai ta yi shekaru kafin ta yi aiki. Ko ya sauko da na Dauda, ko ya rufe shago.

Ni kam haushi ya kama ni. Na ce, "Baba Mika, wai mi kaka jira? Icce na ga sama, kana kallo nai kamar shina cizo!"

Bai ɗago ba ya ce, "Malam Ƙasimu, bai bushe ba."

Shekara ashirin da biyu bayan mutuwar mai shi. Tsikar jikina ta tashi, na koma kan kekena.

Bayan mako guda na ji ana jan benci. Na leƙa, ga shi a tsaye da itacen a hannu, yana share masa yanar gizo da gefen rigarsa. Ya ce na kansa zai yi, na dama, aiki ya fi ƙarfin kunya.

Kwana tara ya yi a kansa. Ya yanke shi da zarto, ya daidaita gindin, yana kanne ido ɗaya yana hango shi a hasken ƙofa. Ya haƙa ramin da ƙarfen yanka zai zauna a karkace da cizal, kaɗan-kaɗan, ya bar bakin siriri kamar ramin maɓalli. Ɗayyabu maƙeri na Ƙofar Rini ya buga masa ƙarfen daga tsohon sifirin na mota. Ya fere ɗan icen da ke matse ƙarfen, sannan ƙahon, a ƙarshe ya shafe shi duka da man kaɗanya. Duk kwanakin nan ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa.

Ranar gwaji ya kira ni in zama shaida. Ya ɗora filen a kan katako, ya kai hannu ga ƙahon, ya tsaya. Ya sake riƙo, ya sake tsayawa. Ƙahon ya lanƙwasa ta ɗaya gefen. Na bahago ya sassaƙa.

"Wallahi na dama na auna," in ji shi. Ban taɓa jin ya rantse ba sai ranar. Ya zauna a kan benci ya rungume abin yana kuka, ni ma na kasa riƙe nawa.

Na ce ai ƙaho ne, a cire a sake wani, aikin rabin yini. Ya dube ni kamar na zage shi.

Yanzu Baba Mika yana da shekara sittin da bakwai, kuma da hagu yake koyon goge katako. Aikin ba ya sauri, layinsa kan karkace, kafaɗar ta yi masa tsami har ya kasa ɗaga buta. Jiya na ce ya huta mana, sai ya buɗe min tafin hannunsa, duk ya yi kanta ya fashe.

"Shekara huɗu yay yi hakanga," ya ce. "Ni ko wata bakwai ban cika ba."