Itatuwan da Ke Yawo a Mota

A bakin tabkin Madarumfa wani mutum yana sauke dashen itatuwa daga motar wani kamfanin haƙar tsakuwa. Koriyar rigar aiki ta yi masa yawa, furfura ta fara cin gemunsa. Yana jera dashen cikin ramuka da ledojinsu, ya tura ƙasa ta rufe bakin leda, ya ɗauki hoto. Hoton nan cikin rahoton muhalli zai shiga, masu zuba jari su gani su ƙaro kuɗi, riba ta hau. Kududdufan da kamfanin ya bari a gonakin mutane kuwa, wa zai ɗauke su hoto?

Sai ga shi yana tone itatuwan yana mayarwa mota. Kande mai lambun ganyen salati a nan kusa ta miƙe.

"Bawan Allah, ba ka jin kunya? Bar mana ko guda!"

"Gobe garin Gabi za su, a sake ɗaukar su hoto, baiwar Allah," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "In guda ya mutu ko ya ɓace, aikina ya tafi. Ga yara a makarantar lakwal."

Kafin ya ja mota, ya buɗe gorar ruwan shansa, ya juye ragowar a kan wani ɗan mangwaro cikin dashen da ya fara yaushi. Shi bai kurɓa ba.