Ranar da Hajiya Rabi Ta Titsiye Ni a Ɗakin Tausa

Cikin duk shekarun da na yi a wannan aiki, akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba: ranar da Hajiya Rabi ta zaunar da ni a ɗakin aikina ta yi mini tambayoyin da ko malamanmu na makaranta ba su taɓa yi mini ba. Ku da kuka fara aiki bana ku saurara, don wata rana za a yi muku irinsu.

Ni mutumin Maraɗi ne. A Paris na yi karatun kine, wato tausa da motsa gaɓoɓi da likita ke tura majiyyaci a yi masa. Na fara aiki a Bobigny a ƙarƙashin wata dattijuwar Baturiya da kowa ke kira Madam. Ita ta koya mini tsarin da nake bi har gobe. Majiyyaci ba ya cire tufar da aikin bai bukata ba. Ana lulluɓe jiki da tawul, a buɗe wurin da za a taɓa kaɗai, in an gama a rufe. Kafin ka ɗora hannu, ka faɗi inda za ka taɓa da dalili, ka jira a ce maka to. In aka ce tsaya, ka tsaya. Mace kuwa in ta ce ba ta son namiji ya taɓa ta, sai a haɗa ta da abokiyar aiki, ba a tambayarta dalili.

Da Madam ta yi ritaya sai na dawo Lyon, na kama aiki a Vénissieux, kusa da tashar taram, wato jirgin ƙasan cikin gari. A nan aka turo mini Alhaji Isufu, ɗan kasuwa mutumin Damagaram mai aika kaya gida. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya same shi, ya taɓa masa hagu. Ƙafar ta fara dawowa, amma hannun yana rataye kamar ba nasa ba.

Ranar farko tare da matarsa Hajiya Rabi suka zo. Muka gaisa, na tambayi mai jiki, na tambayi mutanen gida. Ina shirin shigar da Alhaji sai ta ce masa, "Alhaji, ɗan jira nan. Ina da magana da Malam Habu."

Ta shiga ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya, ta ƙare wa gadon tausa kallo.

"Malam Habu, ka yi haƙuri, ni ba na iya kwana-kwana. Na je wajen ƙanwata a Paris, na ga shaguna masu labule da jar fitila, an rubuta tausa a ƙofa. An gaya mini abin da ake yi a ciki. Naku da nasu, mene ne bambancin?"

Na ji abin ya ɗan sosa mini rai, amma na danne. Sai na yi mata bayanin tsarinmu tiryan-tiryan, na ce kuma ga kujera nan, in Alhaji ya yarda ta zauna ta ga komai da idonta.

"Mata ma suna zuwa wajenka?"

"Suna zuwa, Hajiya."

"An taɓa neman wani abu daga gare ka wanda ba magani ba?"

"An taɓa. Mace ta taɓa nema, namiji ma ya taɓa. Abin da nake yi, na ɗauke hannuna, na rufe mutum da tawul, na ce masa ba a yin wannan a nan. Ba na tozarta shi. Wani ba lalata ce ta kawo shi ba, kaɗaici ne, ya daɗe ba wanda ya ko dafa kafaɗarsa. Amma ko mene ne dalilinsa, amsata ɗaya ce."

Sannan ta yi tambayar da ta fi nauyi. "To kai fa? In ka taɓa jikin mutum, me kake ji?"

Na ce, "Hajiya, ni mutum ne, ba itace ba. Ina jin tausayi, wani lokaci ina jin zafin da mutum ke ji. Amma hankalina yana kan jijiya da gaɓa. Ranar da na ji zuciyata ta karkata wani wuri game da majiyyaci, ran nan zan miƙa shi ga wani abokin aiki. Haka aka koya mana."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To, na ji. A shigo da shi."

Tun daga nan ba ta fashi. Tana zaune a kusurwa da carbinta, idonta a kan hannuwana. A hankali na lura da wani abu. In an gama ta tashi za ta taya Alhaji saka riga, sai ya kauce ya ce, "Bari, zan iya." Ya sa hannun dama ya janye na hagun ya ɓoye a jikinsa. Ni kuwa yana sakar mini hannun nan in juya shi yadda na ga dama. Ita sai ta koma ta zauna kamar ba abin da ya faru.

Wata rana ta fita karɓo masa magani, muka rage mu biyu. Yana kwance yana kallon sama, ya ce, "Malam Habu, kai da ka san jikin ɗan Adam, mutum irina yana sake zama miji?"

Na ci gaba da murza masa yatsu, na bar shi ya ƙarasa. Ya ce tun da aka sallamo shi daga asibiti a falo yake kwana, a kan doguwar kujera. Ya ce mata wai don kada ya dame ta da juye-juye.

"Ba na son ta taɓa hannun nan," in ji shi. "Da ƙarfinsa ta san shi."

Na ce, "Alhaji, maganar farko ta likitanka ce, ba tawa ba. Ka tambaye shi kai tsaye, ba kai ne na farko ba, kuma ba abin kunya ba ne a wajensu. Abin da ni na sani shi ne hannun nan yana bukatar a taɓa shi kullum, safe da yamma. Zuwanka wajena bai ishe shi ba."

Ya ɗaga kai ya dubi hannun.

Da na tashi aiki na kira Madam a waya, ban faɗi sunan kowa ba, na ce ina so in koya wa matar wani majiyyaci tausar hannu. Ta ce, "Koya wa iyali yana cikin aikinmu. Amma sai shi ya yarda, kuma ka tambaye shi ba a gabanta ba. Abin da ya gaya maka nasa ne, kada ka zama ɗan aike tsakanin miji da mata."

Haka na yi. Da na fara tuntuɓar Alhaji, cewa ya yi a'a. Na bar maganar, ban sake tayar da ita ba. Sai da aka ɗan kwana biyu, yana saka takalmi, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Abin nan da ka ce. In dai don magani ne, to."

Ranar da muka yi, na roƙi Hajiya ta matso da kujerarta gefen hagu. Ta cire zobba da awarwaro ta zuba a jaka. Na ɗiga mata mai a tafin hannu daga kwalba, na ce ta murza har ya yi ɗumi. Ban kama hannunta don in nuna mata ba, don na san ba za ta so ba. Na zagaya na ɗauki hannun Alhaji na dama, na ce duk abin da na yi a nan ta yi a can.

Ta kai hannu, sai ta tsaya a sama. Ashe duk zaman nan da take yi a kusurwa karatu take ɗauka. Ta ce da ƙaramar murya, "Alhaji, zan taɓa tafin hannunka. Ka yarda?"

Ya yi wata 'yar dariya. "Ikon Allah. Mun aurar da 'ya'ya, sai yau ake neman izinina."

"Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

"Na yarda, Hajiya."

Ta ɗauki hannun da hannuwanta biyu. Ta fara daga tsakiyar tafin kamar yadda nake yi, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana miƙar da su. Can sai na ga ta daina kallon nawa hannun. Alhaji ya juya fuska bango, hawaye na gangara masa zuwa kunne, ita kuwa ba ta saki hannun ba. Na ajiye hannun daman a hankali, na ce bari in ɗauko wani tawul. Na fita na ja ƙofa, na tsaya a baranda har lokacinsu ya kusa cika.

Da za su tafi ta bar shi ya yi gaba, ta ce mini, "Malam Habu, tambayoyin ran nan, ba zarginka nake ba. Gani na yi za a ba baƙo abin da aka hana ni, na rasa wanda zan tambaya."

Hannun bai dawo daidai ba. Ya dai kai yana riƙe kofin shayi, yana dafa ƙofar taram. Alhaji ya gaya mini ya yi magana da likitansa. Ban tambaye shi abin da suka ce ba, shi ma bai faɗa ba. Abin da na gani kawai, a zuwansu na ƙarshe ita ta saka masa riga, ya tsaya cak har ta gama ɓalla masa maɓallai.

Don haka nake ce muku, in mutum ya tambaye ku iyakar aikinku, kada ku ɗauka cin fuska ne. Ku zauna ku amsa masa dalla-dalla, har da tambayar da ta ba ku kunya, domin galibi akwai wata damuwa a bayanta da bai iya faɗa ba. Kuma ku sani akwai taɓawar da majiyyaci ke bukata wadda ba tamu ba ce, komai ƙwarewarmu. In kun ga mai ita ya iso, ku matsa gefe ku ba shi wuri ya zauna.