Ƙarfen da Aka Kifa Mini a Ƙofar Sauri

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na gefen dajin Birnin Gwari, ni da surukin Alhaji, ina rungume da ƙarfe a cikin tsohon buhu kamar mai kai jariri asibiti. Alhaji shi ne mai injin yankan katakon da nake aiki da shi shekara da shekaru. Ƙarfen kuwa shi ne dogon nan mai faɗi da sarƙar injin ke zagayawa a kansa. Tun farkon damina katakona ya fara fita a karkace, kafintoci suna dawo da shi. Ni na ce ƙarfen ne ya cinye. Alhaji ya ce hannuna ne ya tsufa, har ya fara zancen miƙa injin ga wani. Da ƙyar ya yarda in kai ƙarfen Katsina wajen wani mai gyara da direbobin katako ke yabo, da sharaɗin in aka gyara bai miƙe ba, in ajiye aikin.

Surukin nan, mijin 'yar Alhaji, an ce rakiya ce. Ni dai ban taɓa ganin rakiyar da ba ta magana sai kallo ba. Tun daga tasha idonsa na kan hannuna, in na ɗauki buhu ya kalla, in na gyara hula ya kalla. Na ce a raina, wannan ɗan rahoto ne aka haɗa ni da shi.

Hanyar Funtuwa tana nan yadda kuka san ta, rami na bin rami. Abin da ya sauya shi ne shingayen sojoji. Tun da aka miƙa mulki ga farar hula suka tattara suka koma bariki, sai gangunan da suka bari a gefen titi. Fasinjoji suna ta murna, wani dattijo a bayana yana cewa yanzu ƙasa ta gyaru. Ni dai na ga kuɗin mota bai ji labarin sauyin ba, hawa ma ya yi. 'Yan sanda kuma suna nan daram. Ɗaya ya leƙo ya ga buhuna ya tambayi abin da ke ciki, na buɗe masa. Ya jujjuya ƙarfen ya daɗe yana neman laifinsa, bai samu ba ya miƙo mini da ɓacin rai.

A Malumfashi muka tsaya karin kumallo. Mai shayin wajen hannunsa a sake yake da madara, burodin ma na ranar ne, sai dai ƙwan da ya soya mana ban yarda da shekarunsa ba. A nan abin da nake ɓoyewa ya so ya tona ni. Na ɗaga kofi, sai hannuna na dama ya ɗan yi rawa, shayi ya zuba a gwiwata. Yakan yi mini haka da safe, ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata. Na yi maza na ce kofin ne da zafi. Surukin Alhaji ya sunkuyar da kai yana cin burodinsa, ni kuwa na tabbata ya samu abin da aka aiko shi nema.

Daga Kankiya zuwa Charanci itatuwa suka fara raguwa, ƙasa ta buɗe, gero da dawa har iyakar gani. Nan wani sabon zargi ya taso mini. Garin da babu daji, ina mutum zai koyi gyaran injin daji? Ko dai direbobin nan haɗa baki suka yi da shi?

Mun shiga Katsina wajen tsakar rana. Hotunan 'yan takara har yanzu suna manne a bango, ruwa ya wanke fuskokin, wanda ya ci da wanda ya faɗi duk sun koma kala ɗaya. Ɗan acaɓa, su kabu-kabu suke cewa, ya rantse ya san wajen, ya kwashe mu ya sauke mu a Ƙofar Kwaya gaban shagon wani mai sayar da kayan inji. Ashe abokinsa ne. Mutumin ya fito da sabon ƙarfe yana sheƙi, ya ce gyara ɓata lokaci ne, ga na waje da araha. Na ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya yi ƙarar murfin tukunya. Na yi masa godiya, muka kama hanya da ƙafa muna tambaya.

Mai gyaran a Ƙofar Sauri yake, a wata rumfar kwano ƙarƙashin darbejiya, wadda su suke kira bedi. Dattijo ne siriri, Malam Sule, ya yi aiki a garejin ma'aikatar gandun daji kafin ya yi ritaya. Gaisuwar Katsinawa ba a yi mata gaggawa. Sai da ya tambayi gajiya da gida da damina da mutanen da bai sani ba, ina amsawa ina riƙe da buhuna gam. Kafin in taso na yi wa ƙarfen alama da ƙusa a kusa da gindi, don na ji labarin masu musanya na asali da jabu.

Ya ɗaga ƙarfen saitin idonsa ya leƙa tsawonsa, sannan ya kira ni in gani. Kwarin da sarƙa ke bi yana da leɓe biyu. A gefen ƙasa, wanda ke cin itace, leɓe ɗaya ya cinye ya fi ɗaya gajarta, kwarin kuma ya buɗe, sarƙa tana kwanciya gefe. Gefen sama kuwa kamar jiya aka saya.

"Malam, tun da kuka saye shi kun taɓa juya shi?"

Na ce a juya shi ina? Sunan kamfani yana rubuce a jikinsa, in aka juya ai rubutu ya kife. Wanda ya koya mini aiki bai taɓa kifa rubutu ba, duk masu injin yankinmu babu mai yi. Mu a wajenmu abin kunya ne a ga rubutun injinka ƙafa a sama, sai a ce ba ka san ɗauri ba.

Ya yi murmushi ya ce, "Ai itace bai iya karatu ba, Malam. Lahiyar ƙarhe a riƙa juya shi."

Ya matse ƙarfen a teburinsa ya kama shi da magagari, yana goga yana aunawa har leɓɓan suka daidaita. Ya sa wani siririn ƙarfe a cikin kwarin, ya bi da guduma a hankali yana rufe bakin. Ban matsa ko nan da can ba. Da aka kira azahar ya ce mu bar shi mu je masallaci, na ce ni sai da buhuna. Bai ji haushi ba, ya kwance ya ba ni. Allah Ya yafe mini, sallar nan rabinta a bakin ƙofa na yi ta, inda na jingine buhun.

Bayan salla ya aika aka kawo mana fura da nono mai kauri, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Ta yi daɗi ƙwarai, amma ina sha ina lissafin ko za ta fito a kuɗin aiki. Ba ta fito ba.

Da ya gama, alamata tana nan. Ya ce in na koma in ɗaura shi a kife, gefen saman ya ci aiki, in riƙa juyawa duk sanda na wasa sarƙa. Zuciyata ta ce, to ga ta nan, ya kasa gyara gefen da ya lalace ne yake so in ɓoye shi. Na nemi a gwada. Babu gungumen kirki a unguwar, sai guntun bedi, wanda ko makaho ya yanka zai miƙe. Haka na baro Katsina da shakkata cikakkiya.

A Funtuwa muka kwana, washegari da hantsi muka isa gida. Alhaji ya riga ya sa an jawo gungumen maɗaci ƙofar gidansa, mutane sun taru, har da wanda ake so a ba injin. Na ɗaura ƙarfen a kife. Aka fashe da dariya, wani ya ce Katsinawa sun juya mini kai. Alhaji ya murtuke ya ce ko dai an musanya ne. Na yi bisimilla na tayar da inji. Tsoro nake ji sosai, ba na ƙarfen ba, na hannuna.

Sarƙa ta shiga maɗacin nan ta bi layi ba ta ja ni gefe ba, har ƙarshe. Alhaji ya sa aka ja igiya a kan katakon, ya duƙa ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can. Da ya miƙe sai ya ce to, amma a mayar da rubutun daidai. Na ce Alhaji, sai an wasa sarƙa. Ya juya ga surukinsa ya tambaye shi abin da ya gani a hanya. Mutumin ya ce, "Hanya lafiya, Baba. Ƙarfen ne."

Ina naɗe kaya surukin ya zo ya tsuguna kusa da ni kamar mai taya ni. Ya ce a hankali, "Kawu, ka riƙa karyawa kafin ka kama inji. Kuma ka je asibiti a duba hannun nan."

Abu biyu tafiyar nan ta koya mini, na ƙarfe mai sauƙi ne: a riƙa juya shi, rubutu ya yi haƙuri. Ɗayan ya fi nauyi. Na zargi direbobi, na zargi mai ƙwai, na zargi dattijon da ya ba ni fura, na fi zargin wanda ya zauna kusa da ni tun daga gida, shi ne kuma ya rufa mini asiri a gaban jama'a. Injin yana hannuna har yau. Ranar kasuwa mai zuwa zan shiga asibiti, kuma surukin nan na roƙa ya raka ni.