Yanken da Ya Kai Ni Gonar Baba Sule

'Yan uwa masu babura, yau waya ta jefa ni tsakiyar gonar mutum!

Ga yadda aka yi, daki-daki. Na ɗauko taki daga Gwarzo zan kai Gude. Na buɗe manhajar nan mai nuna hanya, wadda Rifkatu 'yar Malama Asabe ta haɗa mana. Jiya ta sabunta ta, ta ƙara wani yanke. Na bi yanken. Sai ga ni cikin dawa har gwiwa!

Mai gonar, Baba Sule, ya taso yana huci. "Kai ma? Tun safe babura ke ratsa min shuka!"

Na waiwaya. Wallahi dawar ta kwanta tun daga bakin gona.

Na kira Rifkatu. Ta zo a kan acaɓa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, da rani na bi ta nan. Hanya ce a lokacin."

"Da rani ta kowa ce, 'yata. Da damina tuwon gidana ce."

Sai hawaye a idon Rifkatu! Nan take ta goge yanken. Ta tuɓe takalmi, ta shiga tayar da dawar tana tara mata ƙasa.

Baba ya ce, "Haba, tashi. Ai ba ke kika taka ba."

Gaskiyarsa. Mu muka taka, kuma da idonmu. Saboda haka duk wanda ya ratsa gonar nan yau, gobe da sassafe ya same ni can da fartanyarsa.