Tafintana a Mujallar Shari'a

Shekara ashirin da biyu ina alƙali, shi yana tsaye gefen akwatin shaida yana fassara. Tafinta muke ce masa, har sunan ya bi shi gida. Gajere ne, ga surutu, kwat ɗinsa ɗaya tal, gwiwar hannun ta sha faci. Ko sakandare bai gama ba. Harsuna huɗu ya tsinta a tashar mota, inda mahaifinsa ke yankar tikiti.

Bayan mun yi ritaya, aka ce wata malamar jami'a na neman tsohon ma'aikacin kotunmu ta yi hira da shi don mujallar shari'a. Har na sa aka goge mini takalmi. Ashe wurinsa ta nufa! Kwana uku suna kan benci a ƙofar gidansa, rikoda a tsakaninsu.

Da mujallar ta fito na saya, wai in ga shirme. Shafi talatin, jama'a! Ta tambaye shi abin da ba ya shiga fayil. Ya ce a kotunmu alƙali da hannu yake rubuta kowace kalma, kai a sunkuye, bai cika ganin fuska ba. Ya kawo labarin wata mata da mijinta ya rasu, ta ce ta yarda a sayar da gidan, alhali ƙanin mijin na zare mata ido daga benci na biyu. Wai shi Tafinta ya yi tari har sau biyu don in ɗago, ban ɗago ba. Na tuna shari'ar sarai. Na rubuta "ta amince", na yanke hukunci, kuma babu dokar da na taka.

Wallahi abin ya ci ni. Hukunce-hukuncena sun fi ɗari uku, suna kan kantar littattafai ba mai buɗewa, amma surutun Tafinta ake koya wa ɗalibai. Da ƙarya ya yi da na samu sauƙi. Kishi nake, ba zan ɓoye ba.

Jiya autata, wadda ke aji uku a fannin shari'a, ta shigo ɗakin karatuna riƙe da kwafin hirar, duk ta ja layi da jan biro. Na gyara zama.

Ta ce, "Baba, da gaske ka yi aiki da shi?"

Na ce shi dai ya yi aiki da ni.

"To don Allah ba ni lambarsa. Akwai abin da nake so in gane game da kotu."