Geron da Aka Shuka Kan Kabarin Babana

Bana shekara arba'in da rasuwar mahaifina, Malam Barmo, kuma bana na gano ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, Baffa Labbo, ya nome kabarinsa ya shuka gero. Karatuna bai yi nisan da za ni iya lulluɓe magana ba, don haka ga ta tsirara.

Baba ya rasu cikin babban farin nan, ina yaro, a ƙauyenmu kusa da Gangara. Kafin ya kwanta ciwo ya raba ɗan abin da ya rage a rumbunsa biyu, rabi gidanmu, rabi gidan Baffa, shi kuma ya koma cin abinci sau ɗaya a yini. Ranar jana'iza rijiyoyi a ƙafe suke, ruwan kwaɓa ƙasar rufe shi ma sai da mata suka tatso daga gindin randuna. Aka sa shi a bakin makabarta, inda ta yi iyaka da gonar Baffa. Aka kifa fasasshen tulu wajen kai, ni kuma na kafa reshen dashi, don shi ne iccen da ke kamawa ko ba ruwa.

Daga nan na koma garin Isa, na girma a gyaran babur. Kowace kaka Baffa na aiko mini da damin gero, ni kuwa ina yawo majalisa-majalisa ina yabon zumuncinsa.

Ɗana Abba, wanda ya ci sunan Baba, ya samu tallafin karatu a Ingila. Da ya dawo yake nuna mini hotuna a waya. Wai abokai sun kai shi wani ƙauye, ga tsohon coci na dutse duk gansakuka, kaburbura kewaye da shi, kowane da sunan mai shi, an yanke ciyawa tsaf. Har ya tarar da wata tsohuwa durƙushe tana cire haki kan kabarin kakan kakanta. Na ce mishi addininmu bai yarda da gini kan kabari ba.

Ya ce, "Na sani, Baba. Ni dai kai ni inda mai sunana yake in yi mishi addu'a."

Rabona da wurin, kunya ba ta bari in faɗa. Muka hau babur. Bana ma ruwa ya yi gardama, gero ko'ina ya yanƙwane. Na nufi inda na sani, ba dashi, ba tulu, sai kunya-kunyar noma. Na yi gabas, na dawo yamma, yaro na biye da ni ya cire takalmi. Wani tsohon mai haƙan kabari ne ya ja ni gefe. Ya ce tun farin bai wuce ba Baffa ya sassabe dashin ya ba awakinsa, iccen ya bushe, daga nan kowace damina fartanya na ƙara shiga ciki. Kowa ya gani, kowa ya ce maganar gida ce. Abba ya duƙa ya tsinci guntun tulu cikin geron, ya miƙo mini. Ban iya duban idonsa ba. A nan muka ɗaga hannu muka yi addu'a, ba mu san ko kan Baba muke tsaye ba.

Da Baba zai leƙo, na san cewa zai yi a bar Labbo ya ci, ai yunwa ce. Wannan haƙurin nasa ban gada ba. Bai bar hoto ba, bai bar dutse ba. Abin da ya rage nasa shi ne mutanen gida biyu da suka ga bayan fari da rai, da jikan da ya tambayi inda yake.

Na tarar da Baffa a zaure kan buzu, ya tsufa, yana ta "Maraba da ɗana!" Ban zauna ba. Na aje guntun tulun gabansa na ce:

"Baffa, yayanka ya ciyar da kai yana raye, ka ci gaba da ci a kansa yana kwance, ka kuma haɗa da ni ban sani ba. Kada daminka ya sake shiga gidana. In ka riga ni, ni za ni kafa maka dashi da hannuna, kuma za ni tsare shi. Ba wanda zai shuka gero a kanka."